Bashi ya fi ƙarfin gida: sulhu, gaban alƙali ko kotun tarayya, wanne ya kamata ka bi?

Daren da muka zauna da yayana a tsakar gidansa muka ɓalle tsakiyar littafin makarantar ɗansa muka fara rubuta bashin da ake binsa, shi da bakinsa ya ce min duka-duka ba zai wuce miliyan 2 ba. Da muka gama tarawa miliyan 3 da dubu 750 muka gani, wallahi sai ya ajiye biron ya yi shiru ya fi minti biyar yana kallon ƙasa. Malamin makaranta ne, albashinsa dubu 140, yana da ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gida wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi ta tashi jarin ya yi ta narkewa, ana ci daga shagon ba a mayarwa. Banki na binsa miliyan 1 da dubu 200 suna cire dubu 52 duk wata tun kafin ya ga alat, kofaretib ɗin wurin aiki dubu 400 su ma suna cire dubu 25, dilan da yake sarin kaya a wurinsa a kasuwar Singa dubu 850, manhajojin bashi na waya guda huɗu dubu 300, adashen da ya kwasa bai gama zubi ba dubu 200, wani amininsa dubu 400, kuɗin haya dubu 250, makarantar yara dubu 150. Abin da yake shigowa hannunsa a wata dubu 63 ne kacal, da mata da yara biyar.

Toh a nan ne wani ƙaninmu mai yawan kallon bidiyoyin Amurka ya ce ai kawai ya je kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, a yafe komai ya fara sabuwar rayuwa. Maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, a can Amurka akwai tsarin da cikin wata huɗu zuwa shida an sayar da abin sayarwa an goge yawancin bashin, duk da tabon yana zama a tarihin bashinka har shekara 10, a Ingila kuma ka biya fam 680 ka cike takarda ta intanet, yawanci bayan wata 12 an sallame ka. Amma mu ba a can muke ba, kuma na ga mutane suna ɗaukar shawarar da aka yi don Amurka suna son su yi aiki da ita a Kano. Shi ya sa nake so in jera hanyoyin da suke gabanmu mu a nan, kowacce da abin da za ta ci maka da abin da za ta bar maka.

Bari in fara da ita kotun tarayyar tunda ita ce ainihin abin da ake kira ayyana karyewa a doka. Muna da dokar, tun 1979 aka yi ta, kuma tsarin mulki ya ce Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai take da hurumin wannan shari'a, ba majistare ba ba kotun jiha ba. Mai binka bashi zai iya shigar da ƙara, kai ma da kanka za ka iya zuwa ka ce na kasa biya. Don ka ga tsufan dokar, mafi ƙarancin bashin da za a iya kai mutum a kansa naira 2,000 ne, kuɗin da yau ko kwanon shinkafa ba zai saya ba. In kotu ta karɓa, dukiyarka ta fita daga hannunka ta koma hannun jami'in da aka naɗa, za ka rubuta duk abin da ka mallaka da duk wanda yake binka bisa rantsuwa, a yi maka tambayoyi a bainar jama'a, a sayar a raba. Abin da ake bar maka ɗan kaɗan ne, kayan sana'a da tufafi da shimfiɗa. Amfaninta guda biyu ne kuma manya ne, masu bin bashin da ba su riƙe jingina ba dole su dakata ba mai sake jan ka wata kotu sai da izini, sannan in aka sallame ka, wanda a ƙa'ida yana zuwa ne bayan shekara 5 sai dai in kotu ta ga dalilin gaggautawa ko jinkirtawa, yawancin ragowar bashin ya faɗi a idon doka. Babu wata hanya cikin sauran da take goge bashi ko mai shi bai so ba, ita kaɗai ce.

Amma duba farashin. Muddin ba a sallame ka ba ba za ka tsaya takarar majalisa ko gwamna ko shugaban ƙasa ba, ba ka zama darakta a kamfani sai kotu ta yarda, in kai lauya ne ko likita ko akanta ba ka buɗe ofishin kanka sai dai ka yi aiki a ƙarƙashin wani, in za ka karɓi sabon bashi dole ka faɗa wa mai bayarwa matsayinka in ba haka ba ka yi laifi. Wanda ya riƙe takardar gidanka jingina shi ba ruwansa, zai sayar da abinsa. Wanda ya tsaya maka garanto shi ma bai tsira ba, an sallame ka amma shi za a bi. Ga ma'aikacin gwamnati kuma akwai wani abin da ya fi duk waɗannan tsoro, a dokokin aikin gwamnatin tarayya karyewa da tsananin nutsewa cikin bashi suna cikin manyan laifukan da za a iya hukunta ma'aikaci a kansu, jihohi da yawa kuma dokokinsu daga can aka kwafo. Kaga mutum irin yayana da albashin nan shi ne kaɗai igiyar da ta rage, ya je ya kai kansa ya sa aikin a haɗari, ga kuɗin lauya da zirga-zirgar shekaru, don a goge bashin miliyan 3 da wani abu, gaskiya lissafin bai fita ba. A ganina wannan hanya ta mutumin da bashinsa ya kai gomman miliyoyi ce, masu binsa bankuna ne da kamfanoni da ba sa jin sulhu, an riga an fara samun hukunci a kansa kotu-kotu, kuma ba ya cin albashin gwamnati. Shi kam ya nemi lauyan da ya san harkar tun da wuri. In ba haka kake ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai gaban alƙali, kotun shari'ar Musulunci, wadda ita ce mutanenmu suka fi sani kuma can ne dila ko mai adashe ko maigidan haya zai fi saurin kai ka. A fiƙihun Malikiyya babin nan a buɗe yake tun da daɗewa, ana ce masa taflisi, mutumin kuma muflisi, wato wanda bashi ya kewaye dukiyarsa. Alƙali zai hana shi taɓa dukiyar, bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na yanzu, a sayar a raba wa kowa gwargwadon abin da yake bi, a bar masa abin ci da sutura shi da iyalinsa. Wanda ya sayar maka da kaya bashi ya tarar da kayansa suna nan yadda suke shi ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa, wannan hadisi ne na Abu Huraira da yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. In kuma ta tabbata ba ka da komai ba a tsare ka, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Akwai wani hadisin a Muslim da nake so duk mai bin bashi ya sani, wani mutum ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya bashi ya yi masa yawa, Annabi (SAW) ya ce a yi masa sadaka, aka tara bai kai ba, sai ya ce wa masu bin bashin su karɓi abin da suka samu ba su da wani abu sai wannan. Amma fa wanda ake zargin yana da shi ya ɓoye, shi alƙali zai iya tsare shi har gaskiya ta fito, don jinkirin mai hali zalunci ne.

Bambancin da kotun tarayya a nan yake, kuma shi ne abin da ƙanin namu bai gane ba. Gaban alƙali ana ba ka numfashi ne, ba a goge maka. Ragowar yana wuyanka har ka samu ka biya ko mai shi ya yafe, ko ka mutu sai an cire daga abin da ka bari kafin a raba gado. Ko da ma kotun tarayya ta sallame ka, a matsayinka na Musulmi haƙƙin mutum bai sauka ba sai ya yafe da bakinsa, kuma dilan Singa da za ku haɗu a masallaci da wurin ɗaurin aure takardar kotu ba za ta wanke ka a idonsa ba. Abin da ya fi faruwa a aikace shi ne alƙali ya tambaye ka nawa za ka iya duk wata, a yanka, kana kawowa kotu ana ba ka rasit. Ba tsada sosai, da Hausa ake yi, za ka iya tsayawa da kanka ba lauya. Rauninta shi ne kowane mai bashi da ƙararsa daban, wannan ya kai ka nan wancan ya kai ka can, ka yi alkawarin dubu 20 a kotu uku alhali dubu 63 ce a hannunka, sannan banki da manhajojin waya ba nan suke zuwa ba balle hukuncin ya ɗaure su.

Su bankuna ma ba sa buƙatar kotu sosai yanzu. Tun 1 ga Agustan 2020 Babban Banki ya fara aiki da tsarin GSI, in ka sa hannu a takardar lokacin karɓar bashin, wanda kusan kowa ya sa ba tare da ya karanta ba, ka daina biya to duk wani asusu da yake ɗaure da BVN ɗinka a kowane banki za a iya zarar kuɗi daga ciki, har asusun haɗin gwiwa. Uwar kuɗin da ruwan da ya taru kawai aka yarda su cira ban da tarar jinkiri, in ka ga an wuce haka ka rubuta wa bankin ƙorafi, in mako biyu ya wuce ba su warware ba ka kai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Shi ya sa dabarar nan ta canza banki ko a yar da layin waya a koma Abuja ko Legas ko a tsallaka Maraɗi, an gudu ne ba a tsira ba, sunanka yana wurin kamfanonin tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral, kuma wanda ya tsaya maka shi za a wayi gari an cire wa albashi. Ita da ɗauko bashi a wannan manhaja a biya waccan ban ma ɗauke su a matsayin zaɓi ba, haka yayana ya yi daga dubu 40 ta zama dubu 300 cikin wata biyar.

Hanyar da muka bi, kuma wadda nake ganin ta fi dacewa da yawancin gidajenmu, ita ce sulhu, amma ba irin sulhun nan na don Allah a ƙara min haƙuri zuwa ƙarshen wata ba, wanda kowa ya san rana ba ta ƙarya. Sulhu ne da za ka shirya masa kamar gobe za ka tsaya gaban kotun tarayya, ka yi wa kanka taflisin da kanka tun kana da abin sayarwa a hannu. Takarda ɗaya bashi, sunan kowa da adadi da ranar da aka karɓa da ko akwai jingina ko garanto. Takarda ta biyu abin da ka mallaka da farashin da zai sayu yau ba wanda kake fata ba. Ta uku abin da gida yake ci a wata, abinci, haya, magani, kuɗin mota zuwa aiki, a cire wannan tukuna sannan abin da ya rage shi ne na masu bashi. Mun fitar da bayanan asusunsa na wata shida daga banki muka haɗa, don kada wani ya ce ana ɓoye wani abu.

Ranar Asabar bayan la'asar muka tara masu bin bashin a zauren wani kawunmu, da limamin unguwa a matsayin shaida. Dila ya zo fuska a murtuke ko ruwan da aka kawo bai taɓa ba, ya ce shi ma kayan mutane ne a kansa. Kawu bai yi dogon wa'azi ba, takardun nan uku ya miƙa masa ya ce Alhaji ga shi duba da idonka, wannan shi ne duk abin da yaron nan yake da shi, fili ɗaya ne a bayan gari da firiza da babur da ragowar kaya. Ya daɗe yana dubawa yana bin layi da yatsa, sai ya ce katan-katan ɗin da suka rage a shagon ai nasa ne, aka ce ƙwarai naka ne, ya aiko yaro ya kwashe aka ƙiyasta dubu 150, bashinsa ya koma dubu 700. Fili ya tafi a miliyan 1 da dubu 100, firiza dubu 150. Da yardar kowa aka fara cire dubu 250 na haya don kada a watso yara waje, makaranta kuma ta yarda a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Miliyan 1 ta rage a kan bashin miliyan 1 da dubu 600, aka raba daidai gwargwado, dila ya samu dubu 437 da 500, aminin dubu 250, uwar adashe dubu 125, aka ware dubu 187 da 500 na manhajoji. Aminin nan take ya ce ragowar dubu 150 ya yafe duniya da lahira, yayana ya kasa ɗago kai. Babur ba a sayar ba, da shi yake zuwa makaranta, kuma dilan da kansa ya ce a bar masa.

Abin da ya sa zaman ya yiwu rabon daidai ne. Da a ce ya lallaɓa ya biya aminin nasa duka a ɓoye ya bar sauran, da zaman ya watse ranar da labari ya fita, kuma ko a dokar tarayya fifita wani mai bashi dab da karyewa abu ne da kotu za ta iya warwarewa a dawo da kuɗin. Haka nan mayar da fili sunan mata ko ƙani don a ɓoye, wannan shi yake mayar da mai neman tausayi ya zama mai laifi. Amma a ɗaya gefen, kayan ɗakin matarka da ɗan kunnenta na zinare da akuyoyinta nata ne, ba a biyan bashinka da su sai in ita ta ga dama ko ta sa hannu a matsayin garanto, kada ka bari a tsorata ta. Kuma don Allah ka gaya mata gaskiya tun kafin ta ji a waya daga bakin wani baƙo yana zagi, matar yayana ta fi jin zafin ɓoyewar fiye da bashin kansa.

Banki ba ya zuwa zaure, shi takarda yake ji. Mun rubuta musu cewa a sake tsara biyan, aka yi ta kai da komo kusan wata biyu, a ƙarshe suka miƙa shi zuwa wata 36 ana cire dubu 38. Ka lissafa za ka ga jimillar ta ƙaru da dubu 168, wato sauƙin ba kyauta ba ne, ka saye shi ne, amma dubu 14 da ta dawo hannu duk wata ita ce ta zama mafi yawan abin da ake kai wa dila. Manhajojin kuma saƙo muka tura wa kowacce a rubuce, ga abin da ake da shi ga lokacin da za a cika, muka ajiye hoton duk wata barazana da suka turo. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta wajabta musu rajista, kuma bin lambobin wayarka ana tura wa mutane cewa kai ɓarawo ne abu ne da za ka iya kai ƙara a kansa wurinta. Bashin dai ka ci sai ka biya, amma tozarcin ba ya cikin yarjejeniya.

Abu biyu da nake roƙon kowa ya kiyaye a lokacin sulhu. Kada ka rubuta cek na gaba alhali ka san ba kuɗi a asusun, dokar 1977 ta ce ɗaurin shekara 2 ne ba zaɓin tara, da hannunka ka mayar da maganar bashi ta zama ta laifi. Sannan in an kira maka 'yan sanda, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma ba a kama ɗa ko mata a madadinka, sai dai in akwai zamba a ciki, kamar ka karɓi kuɗi da sunan kaya ka san babu su. Kada ka sa hannu a wata takardar alkawari a ofishinsu cikin tsoro kan adadin da ba za ka iya ba.

Raunin sulhu shi ne mutum ɗaya zai iya ƙi, kuma ba ka da yadda za ka tilasta shi. In kana jin akwai mai taurin kai a cikin masu binka, ko kuma ba ka da dattijon da kowa yake jin kunyarsa, kada ka tsaya a zaure, ka kai zaman inda za a rubuta a buga hatimi. A Kano akwai gidan sulhu na babbar kotu da aka buɗe tun 2009, abin da aka amince a can alƙali yana sa hannu ya zama kamar hukunci, Hisba ma suna irin wannan zaman. Ko a zaure aka yi a rubuta, kowa ya sa hannu, shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi, wanda ya yafe ma a rubuta ya yafe don magada ba su san zancen baki ba.

In kuma ka duba takarda ta biyu ka ga babu komai, ba fili ba babur ba albashi, to sulhun rabo ba naka ba ne don ba abin rabawa, kotun tarayya kuma ko kuɗin shigar da ƙara ba ka da shi. Kai gaban alƙali ya fi maka, ka je da shaidun da suka san halinka a tabbatar da rashin, a ba ka lokaci. Kuma kada kunya ta hana ka neman zakka, masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 a Tauba ta lissafa, haƙƙinka ne ba bara ba, in dai ba a sabon Allah ka ci bashin ba. Kano da Sakkwato duk suna da hukumar zakka, ga attajiran unguwa da suke fitarwa duk shekara, liman zai iya kai sunanka ba tare da an yi ta yayatawa ba. Mu ma ta nan aka samu dubu 75 da ta cike ragowar uwar adashe, don ita matan da ke cikin zubin ne suke ta zuwa mata gida.

Yanzu wata na goma sha ɗaya kenan, shagon a rufe yake, yayana yana koyar da darasin yamma a gidaje biyu. Ranar 28 ga kowane wata yake hawa babur ya kai wa dila dubu 15, dilan ya buɗe littafinsa ya rage ya sa hannu a bayan kwafin takardar da aka rubuta a zauren kawu, saura dubu 97 da 500.